Injin Numfashi Ba Ya Tari

Duk mutumin Katuru da ya karye a wuya ko ya fashe a kai, ko dai a kan babur a hanyar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, ko kuwa da harsashin 'yan bindiga, tafiyarsa mai nisa ce. Daga Shinkafi sai Gusau, in abu ya yi tsanani kuma sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa take. In ya isa da rai, aka ɗora shi a kan injin numfashi, sai dangi su ɗauka an haye tudun mun tsira. A ganina, nan ne wani yaƙin yake farawa, wato yaƙi da kaki.

Mai karatu ya sani cewa hanyoyin iska na huhu suna shimfiɗe da wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, masu share majina zuwa maƙogwaro dare da rana. Abin da ya gagare su, tari ne yake fitar da shi. Shi kuwa tari aikin tsokokin ciki ne da na haƙarƙari, waɗanda laka take ba umarni. In laka ta yi rauni a wuya, sai su shanye. In raunin ya taɓa jijiyoyi na 3 zuwa na 5, har tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan daina aiki. Wanda ya suma saboda raunin kai shi ma tarinsa yakan mutu. Inji zai hura iska, amma kaki yana nan kwance, ya toshe huhu, ƙwayoyin cuta su samu sheƙa. Shi ya sa ciwon huhu yake sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu raunin laka.

Maganin wannan shi ne gashin ƙirji: juya majinyaci, bubbuga ƙirjinsa, girgiza shi, sa'an nan a zuƙe kakin. Akwai na'urorin yin haka. Wata riga ce mai kaɗa ƙirji, wata kuma takan cika huhu da iska ta fizge ta farat ɗaya, kamar tari na gaske. Wasu za su ce, tun da ma'aikata sun yi ƙaranci, a sayo na'urorin a huta. Ban ƙi sayensu ba, amma na'ura ba ta san wanda take bugawa ba. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne. In ƙwaƙwalwa ta kumbura, sunkuyar da kan majinyaci ko tsawaita zuƙe kaki yakan ƙara matsi a ciki, shi ya sa ake ɗaga kan gado kamar digiri 30. Karyayyen wuya kuma, juyi ɗaya na ganganci ya isa ya ƙarasa laka. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Tarihi ma ya nuna mana. A 1952, lokacin annobar shan inna a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, injuna sun kasa, sai Dokta Bjorn Ibsen ya kawo dabarar da ta sa ɗaruruwan ɗalibai suka riƙa matsa jakar iska da hannu, dare da rana, mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan ɗakin kulawa ta musamman ya samo asali.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Zamfara da shugabannin asibitocinmu: duk injin numfashin da za a saya, a haɗa kuɗinsa da albashin likitan gashi da horar da ma'aikatan jinya, a kuma tsara aikinsu har cikin dare, domin kaki ba ya jiran gari ya waye. In an samu waɗannan, sai na'urar tari ta biyo baya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.