Kafin A Ce Alƙalin Wasa Ya Yi Son Kai

Sau da yawa idan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Arewa, kamar Kano Pillars, ta zo wasa Ikko, 'yan Arewa mazauna Kudu sukan je su mara mata baya. Wannan abin yabo ne. Abin da ba na yabo ba shi ne, da an ture ɗan wasansu ba a busa usur ba, sai a ji ana cewa alƙalin wasa ya yi ƙabilanci. Wannan zargi yana da nauyi ƙwarai, balle ga mutumin da ke zaune a garin baƙunta. Ya kamata mai yin sa ya fara sanin yadda aikin yake.

Da farko dai, ba kowace gogayya ce laifi ba. Filin wasan tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, ga ƙarti 10 suna guje-guje a ciki. Dole jiki ya taɓa jiki. Abin da alƙali ke dubawa shi ne, ko taɓawar ta ba wani riba wadda bai cancanta ba, ko ta hana wani gudunsa, ko tsayuwarsa, ko jifarsa. In ba ta yi haka ba, sai ya bar wasa ya ci gaba.

Dokar hukumar FIBA ta ba kowane ɗan wasa wurin da ya tsaya, daga ƙasa har sama, kamar an kife shi da ganga. Mai tsaro in ya riga ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana fuskantar abokin karawarsa, to, wurin nasa ne. Mai ƙwallo in ya zo ya banke shi a ƙirji, laifin mai ƙwallo ne, ko da shi ne ya faɗi yana birgima. Amma in mai tsaro ya makara, ya tare hanya da kafaɗa ko ƙugu, laifin nasa ne. Watau faɗuwa ba ita ce shaida ba. Don haka ake koya wa alƙalai su sa ido a kan mai tsaro tun kafin a yi karo.

Na biyu kuwa, ba dukan alƙalai ke kallon ƙwallo ba. A da mutum 2 ke hukunci. Gasar NBA ta Amurka ta gwada mutum 3 a 1978, ta tabbatar da haka a 1988, yanzu kuwa manyan wasannin duniya da 3 ake yi. Ɗaya yana tsayawa bayan layi a gindin kwando, ɗaya yana biye da wasa daga baya, na ukun yana ɗaya gefen. Kowa da yankinsa. Idan ƙwallo ta koma wancan gefe sukan juya, su musanya wurare. Saboda haka alƙalin da ya fi kusa da ƙwallo yana iya yin shiru, domin idonsa na kan masu kokawa a gindin kwando, na nesa kuwa ya busa, domin shi ne ya hango tsakanin 'yan wasan biyu. Ɗan kallo ido ɗaya ya zuba wa ƙwallo, su kuwa sun raba filin tsakaninsu.

Wannan ba ya nufin alƙalai ba su kuskure. Suna yi, kuskuren kuma yana da tsada, tun da laifi 5 ke fitar da ɗan wasa a dokar FIBA. Abin da ya wajaba a kansu shi ne mudu ɗaya: gogayyar da aka ƙyale a wannan kwando a ƙyale ta a wancan, wadda aka busa a farkon wasa a busa ta a ƙarshensa. In aka ga an sauya mudu, masu ƙungiya su kai ƙara ga hukumar wasan a rubuce.

Amma zagi da jifa ba su taɓa mai da maki ba. Ɗan Arewa da ya yi su, gobe zai koma kasuwa ya zauna kusa da waɗanda ya zagi ɗan'uwansu. Mai son ƙungiyarsa, lalle ya koyi dokar wasan kafin ya ɗaga murya.