Ɗalibin Da Ba Ya Jiran Aike Daga Gida

Idan aka zauna tattaunawa a kan tsadar karatun jami'a a ƙasar nan, yawanci magana takan tsaya ne a kan kuɗin rajista. Ba laifi, domin shi ne adadin da ake bugawa a takarda, shi ne kuma ake rufe wa ɗalibi ƙofa idan bai biya ba. Sai dai duk wanda ya yi zaman makaranta babu mai aiko masa da ko sisi daga gida ya san cewa kuɗin rajista sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma ana iya yi masa gayya: kawu ya sayar da akuya, yaya ya kawo abin da ya samu, wani ɗan'uwa a birni ya cika. Abin da ke karya ɗalibi shi ne ɗawainiyar kullum, wato abin da zai sa a ciki safe da dare, da kuɗin acaɓa, da sabulu, da hayar ɗaki, da kuɗin buga takardun darasi. Ita wannan ɗawainiya ba a yi mata gayya, kuma ba ta jiran kaka.

Kafin a kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a shekarar 2011, yaron da ya gama sakandare a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu ko Gwaram sai ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri idan yana son digiri. Da yawa tun a nan mafarkin yake tsayawa. Zuwan wannan jami'a, da ta jiha da aka kafa a Kafin Hausa a 2013, ya kawo ilimi mai zurfi bakin ƙofa, kuma wannan babban alheri ne. Amma ya kamata mu dubi su wane ne suka shigo ta wannan ƙofa. Kaso mai yawa 'ya'yan manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa. Manomi ba ya karɓar albashi. Samunsa yana zuwa ne lokacin girbi, sai kuma ɗan abin da ya tsinta a noman rani idan yana kusa da fadama. Saboda haka abin da ake kira tallafin iyaye a wajenmu guzuri ne: 'yan kwanukan gero da wake, da kwalbar man gyaɗa, da ƙuli, da daddawa, da kuka. Uwa takan ƙulla wa ɗanta wannan da zuciya ɗaya, amma kafin zango ya kai rabi ya ƙare, kuma yaron da ya san halin da ya baro gida ba zai ɗauki waya ya ce a ƙaro ba. Ban ma yi maganar maraya ba, ko ɗalibin da shi ne ake jira ya aika wa gida.

Abubuwa sun ƙara tsanani tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Darajar naira ta faɗi, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. A wannan tsakani ne jami'o'in tarayya da dama, ciki har da ta Bayero da ke Kano, suka ƙara kuɗin rajista. Iyayen da a da suke ɗan taɓukawa, su ma sun koma lissafin abin da za a ɗora a murhu.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ita ce bashin karatu. An sa hannu a kan sabuwar dokarsa a watan Afrilun 2024, asusun da ake kira NELFUND kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, sannan ya ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata domin hidimar kansa. Babu ruwa a kan bashin, abin da ya kawar da damuwar da Musulmi da yawa za su yi, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Ina ganin duk ɗalibin da ke cikin matsi ya kamata ya nema, ya daina sauraren masu cewa tarko ne alhali su ba za su ba shi ko kwano ɗaya na gari ba. Da babu gara ba daɗi. Amma a raba 20,000 gida talatin, za a ga ba ta kai naira 700 a rana ba. Wanda ya san farashin garau-garau da kuɗin acaɓa daga Gida Dubu ko Takur zuwa aji ya san inda wannan kuɗi zai tsaya. Bashin ya rage nauyi, bai sauke shi ba. Ragowar dole ɗalibi ya nemo da guminsa, kuma a nan ne nake ganin muna da matsalar da ba a cika ambata ba.

Ni da keken ɗinki na yi digirina na farko. Mahaifina ya rasu ina aji biyar na sakandare, abin da ya bari kuwa gona ce da ƙanne huɗu. Wani tela a kusa da inda nake haya ya ba ni kusurwa a shagonsa, muka yi yarjejeniya ina ba shi wani abu a kan kowane kaya da na ɗinka. Kuɗin da nake samu ya ishe ni ci da haya, har in aika wa mahaifiyata ɗan abin cefane a wasu watanni. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne rashin sanin yaushe nake da lokacin kaina. Za ka karɓi ɗinkin mutum ka yi masa alkawarin Asabar, sai daren Juma'a wakilin aji ya aiko da saƙo cewa malam ya sa lakca gobe daga takwas zuwa azahar, kuma za a yi gwaji. A wata shekara jarrabawa ta faɗo a goman ƙarshe na azumi, lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe shi wata uku. Na zaɓi jarrabawa, na mayar wa mutane yadinsu, biyu daga cikinsu ba su sake kawo mini aiki ba. Ban zargi malamin ba. Shi ma ɗaukar darussa yake yi fiye da ƙima, kuma a tunaninsa ɗalibi ba shi da wani aiki sai karatu.

Wannan tunani shi ne tushen matsalar. Jami'ar da muka gada an tsara ta ne domin ɗalibin da gwamnati ke ciyarwa. A shekarun 1960 da farkon 1970 ɗalibi yana da ɗaki, yana da abinci a ɗakin cin abinci a kan kuɗi ƙalilan, jiharsa kuma tana ba shi alawus. Duk waɗannan sun tafi, amma jadawalin da aka gina a kansu yana nan, yana ɗaukar cewa ranar ɗalibi gaba ɗayanta mallakar makaranta ce.

Abin mamaki shi ne, a wannan ƙasa tamu muna da tsohon tsarin ilimi da ya fahimci wannan al'amari tun da daɗewa. Ba ina nufin barar ƙananan yara ba, wadda ba ni da abin da zan kare ta da shi. Ina maganar gardi, wato babban ɗalibin tsangaya. Gardi ba ya jiran aike daga gida. Yana ɗinkin hula, ko wanki da guga, ko yankan farce, ko ƙwadago, kuma tsarin karatun ya bar masa gurbin yin haka. Ana karatu da asuba da yamma da dare, hantsi kuwa nasa ne. Alhamis da Juma'a hutu ne da kowa ya sani, ba a wayi gari an soke shi ba. Idan damina ta faɗi a koma gona, idan an yi girbi a fita ci-rani. Alarammomi da yawa da muke girmamawa a yau ta wannan hanya suka haddace Alƙur'ani suka rubuta shi. Malaman tsangaya ba su karanta kimiyyar tsara manhaja ba, amma sun san cewa mai neman ilimi yana da ciki, sai suka tsara lokaci daidai da haka.

Jami'a ma a da tana da wani abu mai kama da wannan, ko da ba da niyya ba. Shekarar karatu takan fara a Oktoba ta ƙare a Yuni, dogon hutu ya faɗo daidai da damina. Ɗalibi ya koma gida ya yi noma, ya dawo da hatsinsa da ɗan kuɗin gyaɗa ko riɗi. Yajin aikin malamai ya wargaza wannan. Na 2020 ya haɗu da annobar korona ya cinye kusan shekarar, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tun daga nan jami'o'i ke gudun cike giɓi, hutu ya koma 'yan makonni, yana faɗowa duk inda ya ga dama. A jihar da riɗi da zoɓo da shinkafa ke kawo kuɗi, raba ɗalibi da damina daidai yake da raba shi da guzurin shekara.

Saboda haka abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. A fitar da jadawalin zango tun kafin a dawo, a kuma tsaya a kansa. A daina sa lakca a ranakun hutu sai da sanarwa ta kwanaki. Kowane sashe ya yi ƙoƙarin tattara darussan aji ɗaya a wasu ranaku, ya bar yini ɗaya ko biyu a sarari, yadda mai zuwa kasuwar Shuwarin sayen hatsi ko mai zaman POS zai san ranar da zai fita. Majalisun jami'o'in jihar nan kuma su sa a ransu cewa, sannu a hankali, za su mayar da dogon hutu kan watannin Yuli zuwa Satumba.

Na san abin da wasu malamaina za su ce: digiri na cikakken lokaci sunansa ke nan, wanda ke son haɗa karatu da sana'a ya shiga na wucin gadi. Amsar ita ce karatun wucin gadi ya fi tsada, kuma wanda ya gama shi ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi. Tura talaka can hukunta shi ne a kan talaucinsa. Za su kuma ce sana'a tana cin sakamako, kuma da gaskiyarsu. Na ga abokai da acaɓa ta janye su har suka bar makaranta, domin kuɗin yau ya fi takardar shekara huɗu daɗi a hannu. Amma yunwa ma tana cin sakamako, kuma ɗaliban nan suna sana'ar ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Bambancin kawai shi ne a yanzu a ɓoye suke yi, suna satar lokacin lakca, suna roƙon aboki ya rubuta musu suna a takardar halarta.

Lamarin ɗalibai mata ya fi nauyi. Namiji zai iya hawa babur ko ya yi leburanci a wurin gini. Mace sai kitso da lalle, ko sayar da awara da zoɓo da kunun aya a ɗakin kwana, ko turaren wuta da mayafai ta waya. Jarinsu ƙarami ne, kasuwarsu kuma 'yan'uwansu ɗalibai ne waɗanda su ma ba su da shi. Idan wannan ya gaza, akwai masu motoci da ke jira a bakin ƙofa da irin taimakon da kowa ya san farashinsa. Mukan yi wa'azi a kan wannan sosai, amma ba mu cika tambayar me yarinyar ta ci jiya ba.

A nan ne jami'a za ta iya sa hannu da kanta. A Amurka tun 1964 akwai shirin gwamnati na ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi aikin 'yan sa'o'i a cikin makaranta, akwai ma kwalejin Berea a jihar Kentucky inda ba a karɓar kuɗin koyarwa, kowane ɗalibi kuma yana aikin aƙalla sa'a goma a mako. Ba sai mun kai can ba. Ɗakin karatu yana buƙatar masu jera littattafai, gonar tsangayar aikin gona tana buƙatar hannu, akwai aikin shigar da bayanai a kwamfuta, da kula da lambu, da shagunan cikin harabar makaranta da ake ba 'yan waje haya. A ware wani kaso na waɗannan domin ɗaliban da aka tantance, a fara da marayu da mata, a kuma ƙayyade sa'o'in yadda ba za su taɓa karatu ba.

Gari ma yana da rawar da zai taka. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tsarin tattara zakkar amfanin gona tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. Ɗalibin da ba shi da abincin dare yana cikin fakirai da miskinai kamar kowa, sai dai kunya da rigar makaranta suna ɓoye shi. Da za a haɗa kai da ofisoshin kula da harkokin ɗalibai a fitar da sunaye cikin sirri, 'yan buhunan gero da dawa a farkon kowane zango za su riƙe yara da yawa har zuwa jarrabawa.

A zangon da ya wuce na taimaka wajen duba takardun gwaji na wani aji, na lura da wani yaro mai kaifin basira da ya rasa gwaji biyu a jere. Da na neme shi sai ya gaya mini lodin buhuna yake yi a ranar kasuwa, kuma duka gwaje-gwajen biyu a ranar aka sa su, da sanarwar dare ɗaya. Na roƙa masa aka sake ba shi dama a ɗaya. Ɗayan kuwa sai ya maimaita darasin a shekara mai zuwa, da kuɗin haya na ƙarin zango da zai nemo.