Teburin Mai Shayi da Haƙƙin Hanya



Duk wanda ya saba fitowa sallar Asuba a garuruwanmu ya san cewa fitilu biyu ne suke riga saura kamawa a unguwa: ta masallaci da ta mai shayi. Kafin ladan ya yi kiran farko, mai shayi ya riga ya hura gawayi, ya ɗora tukunya, ya jera biredi da gwangwanayen madara. Da dare ma shi ne na ƙarshen tashi, wani lokaci sai tsakar dare ta gota. Idan aka cire gida da wurin neman abinci, da wuya a sami inda mazan unguwa suke daɗewa a zaune kamar bencinsa. Amma mu masu hawa mimbari mun yi huɗubobi a kan riba da bankuna da zaɓe, ba kasafai muke waiwayar wannan teburi da yake jingine da katangar masallacinmu ba.

Zan fara da alherinsa, domin adalci ya wajaba ko da a kan wanda za ka yi wa gyara ne. A wurin mai shayi baƙon da mota ta sauke cikin dare yake samun abin da zai sa a cikinsa da wanda zai nuna masa hanya. Nan lebura yake karyawa kafin ya tafi wurin gini, nan mai gadi yake korar barci, nan ɗalibin da ba shi da murhu yake cin abinci mai zafi. Akwai kuma littafin bashi, wanda kusan kowane mai shayi yana da shi a ƙarƙashin teburi. Ni kaina na shiga cikinsa a shekarun karatuna, kuma ban manta mutumin da ya yi mini haƙuri wata biyu bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Wannan sana'a halal ce, mai ita yana cin guminsa, kuma a unguwanni da yawa hasken fitilarsa ne yake hana ɓarawo sakewa.

Mas'alar irin wannan wurin zama tsohuwa ce a tarihin Musulmi. Gahawa ta yaɗu ne daga Yaman, inda masu ibadar dare suke shan ta don su kori barci. Da ta isa Makka, aka fara taruwa dominta. A shekarar 1511 Khayir Bek, wanda yake riƙe da hisbar garin, ya tara malamai da likitoci, aka hana shan ta. Hanin bai daɗe ba aka sassauta shi daga Alƙahira, kuma a cikin ƙarnin nan Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa littafinsa Umdatus Safwa yana kare halaccinta. Wanda ya bi muhawarar zai ga cewa abin da ya fi tayar da hankalin mahukunta shi ne taron da abin da ake yi a cikinsa. Abin sha ya fita daga zargi, hisabi ya rage a kan majalisar. Haka al'amarin yake a kan shayinmu na yau.

Asalin hukuncin kuwa yana cikin hadisin Abu Sa'idul Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Suka nuna masa cewa ba su da makawa, can ne wurin hirarsu. Bai kore su ba, sai ya ɗora musu sharaɗi, cewa in dai sai sun zauna, to su ba hanya haƙƙinta. Ya lissafa runtse ido, da kame cutarwa, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Teburin mai shayi zama ne a bakin hanya tsantsa, sau da yawa ma ya ci wani yanki na hanyar. Saboda haka sharuɗɗan nan suna kan mai teburi, suna kuma kan duk wanda ya zauna a bencinsa.

Mu tsaya a kan kame cutarwa, domin nan ne muka fi sakaci. Mun saba fahimtar cutarwa da zagi ko duka, muka manta da abin da muke bari a ƙasa. Ka je wurin mai shayi bayan ya tashi, ka duba abin da ya rage: ɓawon ƙwai, ledar taliyar Indomie, ledar biredi, ledar fiya-wata, ganyen shayin da aka tsame, gwangwanin madara mai kaifin baki, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da aka watsa a tsakiyar hanya. Iska ta kwashi ledojin ta kai kwata, yaro ya share sauran ya tura su can. Wata ɗaya, wata biyu, magudanar ruwa ta toshe. Idan ruwan Agusta ya sauko ya rasa hanya, sai ya nemi gidan da ya fi kwari, kuma yawanci gidan ƙasa ne na wanda ba shi da halin tada katanga in ta faɗi. Sai mu taru mu jajanta masa mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu shakka, amma da hannunmu muka toshe kwatar, kuma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai ɓarna alhakinsa ba. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne, zazzaɓin da zai biyo baya ba ya tambayar wanda ya yar da ledar.

Ba mutane kaɗai ledar take cuta ba. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake ciro wa daga tumbin akuya ko tunkiyar da ta yi kiwo a cikin gari. Dabbar tana jin ƙanshin mai da gishiri a jikin leda sai ta haɗiye, ledar ba ta narkewa, ta dunƙule a ciki, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu ko a yanka ta da asara. Wataƙila ita ce jarin wata bazawara. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ba zai ɗauki wannan abin wasa ba. Kuma a cikin hadisin rassan imani da Muslim ya ruwaito, kawar da abin cutarwa daga hanya shi ne reshe mafi ƙanƙanta. To ina matsayin wanda yake zuba shi kullum safe da yamma?

Akwai wata al'ada da na so a ce mun bari tun jiya, wato ƙulla shayi mai tururi a cikin farar leda a kai gida. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi a kan zuba abu mai zafi a irin wannan leda. Iyayenmu da kwano ko jug suke aike, babu abin da ya rage su da shi. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a farkon 2024. Mu ba sai mun jira doka ba kafin mu miƙa wa yaro kofi mai murfi. Sababbin gidajen gahawa da ake buɗewa a Kano da Kaduna da Abuja, masu kujerun alfarma da kofin roba na sha-ka-yar, su ma maganar ta shafe su, har ma ta fi, domin suna da halin da mai teburi ba shi da shi.

Sai tsabtar abin da ake ci. A ƙarni na 12, a zamanin Salahuddin al-Ayyubi, wani malami a ƙasar Sham mai suna Shaizari ya rubuta littafin Nihayatur Rutba domin jami'an hisba. Ya ware babi ga masu gasa burodi da masu dafa abinci, har ya kai ga cewa mai kwaɓa gari ya rufe bakinsa kada ya yi atishawa a ciki, ya ɗaura ƙyalle a goshi saboda gumi, a kuma sa mai kore masa ƙuda. Malaman da suka gabata sun ɗauki wannan a cikin addini. Mu kuwa a yau bokiti ɗaya ne ake tsoma kofuna a ciki tun Asuba har hantsi, ruwan ya koma kalar shayin kansa, a tsamo kofi a girgiza a miƙa wa na gaba. A damina, lokacin da amai da gudawa suke yawo, bokitin nan kaɗai ya isa ya kwantar da layi guda. Haka man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi, da ƙwan da mai shayi ya san ya fara juyawa amma ya boye shi da albasa da attaruhu. Duk wanda ya taso a makarantar Islamiyya ya san ƙissar yarinyar da ta ƙi surka madara da ruwa a zamanin Sayyidina Umar, alhali babu mai ganin ta sai Allah, wadda daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Ba don a ba yara dariya ake karantar da ita ba.

Yaron da yake wanke kofunan ma yana da haƙƙi. Galibi almajiri ne ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, yana tsugune a kan ruwan sanyi cikin hunturu har ƙarfe ɗaya na dare, ladansa guntun biredi da ragowar taliya. An umarce mu da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, kuma ƙarancin shekarunsa ba ya soke wannan. A yanka masa lada sananne, a sallame shi da wuri ya sami barci, ya iya ɗaukar allonsa da safe.

Kada masu zama su ɗauka sun tsira. Rabin laifin teburin nan daga benci yake fitowa. Mace ta ɓullo daga kan layi, hira ta tsaya cak, idanu goma su raka ta har ta ɓace, sannan a buɗe babin ko 'yar wace ce da dalilin mutuwar aurenta. Na san matan da suke zagaye mai nisa zuwa makarantar dare don kada su bi ta gaban mai shayi. Hanyar da mace take tsoron bi an tauye mata haƙƙinta, ko da babu wanda ya ce mata uffan. Ga rediyo ko talabijin da janareto har tsakar dare, alhali bayan katangar akwai mara lafiya ko mai jego. Ga kuma wanda ya mayar da gefen teburin mahaɗar masu ƙwaya. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 cinikin ya ƙara komawa lunguna, kuma mai shayin da ya ga ana miƙa wa yaran unguwa guba a inuwarsa ya yi shiru don kada ya rasa ciniki, ya sani shirunsa ba zai zame masa uzuri ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne magidancin da zai bar wa iyalinsa kuɗin da bai kai na koko ba, ya zo ya zauna a fasa masa ƙwai uku, a haɗa masa shayi mai kauri, ya goge baki ya koma gida ya ce gari ya yi zafi. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma Alƙur'ani ya ɗora shi gwargwadon halin mutum. Wanda yake da halin ƙwai uku a waje yana da halinsu a gida. Ya saya ya kai, a soya a ci tare da yara.

Na san abin da za a ce: mai shayi talaka ne, kwashe shara aikin hukuma ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, har wasu da suka koma gas sun dawo gawayi da icce. Gaskiya ne, kuma ba zan ɗora wa mai tukunya ɗaya alhakin dazukan da ake sarewa ba, wannan magana ce da ta fi ƙarfinsa. Hukuma kuma za ta amsa tambaya a kan nata. Amma Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da take iyawa, kuma abin da take iyawa ɗin ba Ya yafe shi don wani ya yi sakaci da nasa. Buhu ɗaya na tara shara, bokiti na biyu na ɗauraya, tsintsiya, da rage murya bayan Isha'i, babu wanda zai karya jarin mai shayi a cikinsu.

A unguwarmu mun gwada. Kwamitin masallaci ya zauna da masu shayi uku da suke kewaye da mu, ba a kan mimbari ba, a kan bencinsu, kuma mun sayi shayin. Ɗaya daga cikinsu ya ce mana shekara goma sha ɗaya yana wurin, babu wanda ya taɓa zuwa masa da magana sai mai karɓar haraji da mai neman bashi. Muka haɗa kuɗi aka yanka tsohon duro biyu, matasa suka ɗauki nauyin yashe kwata duk Asabar ɗin ƙarshen wata, su kuma suka yarda da canza ruwan wanki da kashe janareto ƙarfe goma sha ɗaya. Biyu sun riƙe alkawari har yau. Na ukun ya riƙe na sharar, na janareton kuwa muna nan muna fama da shi, musamman daren da ake buga ƙwallo a Turai.