Wasiƙa Zuwa ga Marubutan Labaran Laifi da Bincike



Dalilin wannan takarda shi ne wata damuwa da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da labaran sata da kisa da garkuwa da mutane waɗanda kuke fitarwa, a takarda ko a waya, waɗanda kuma samarinmu na Unguwar Kanawa da Kawo da Badarawa suke kwana a kansu. Illarsu guda ce: babu ɗan Adam a cikinsu. Jami'in bincikenku dogo ne kyakkyawa, ba ya gajiya, ba ya shakka, ba shi da iyalin da ke jiran kuɗin cefane; mugunku kuwa tun shafin farko idanunsa jajaye ne, dariyarsa ta ƙeta, alhali ba ku taɓa gaya mana wace uwa ce ta goya shi ba.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Duk wanda ya nazarci Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito daga Zariya a shekarun 1930, ya san cewa Abubakar bai faɗo daga sama da mugunta ba, sai da dukiyar Malam Shehu ta raba shi da Zainabu, sa'an nan baƙin ciki ya yi ta dafa zuciyarsa har ya nemi asirin da ya mai da ɗansu Kyauta ɓarawo. Don haka mai karatu yana tsine wa aikinsa, amma yana gane yadda aka yi har aka zo nan. Haka Mailoma a Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982. Ko a ƙasar Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, cikin littattafai goma tsakanin 1965 da 1975, sun bar ɗan sandansu Martin Beck da ciwon ciki da auren da ya ƙi daɗi, shi ya sa ake tuna shi har yau.

Ku kuwa, wallahi, kayan aiki sun fi ƙarfinku yawa. Mutanen Kaduna ba su manta da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022 ba, kuma a unguwanni da dama akwai gidan da ya sayar da fili ko keken ɗinki don haɗa kuɗin fansa. Mas'alar da ta cancanci alƙalaminku ita ce ta maƙwabcin da ake sahu ɗaya da shi a masallaci, amma shi ne infoman 'yan bindiga: me ya ci masa rai, yaya yake haɗa ido da matar wanda ya tsegunta?

Ina roƙonku don Allah, kafin ku fara babi na gaba, ku je kotun majistare ku zauna a bencin baya tun safe, ku saurari yadda wanda ake tuhuma yake rantsuwa, da yadda mahaifiyarsa take kiran sunansa na gida daga bakin ƙofa.

Wassalam.
Ɗan'uwanku mai karatu,
Unguwar Kanawa, Kaduna.