Mu Ke Ƙirga Kuɗin Gari, 'Ya'yanmu Ke Faɗuwa Lissafi



Sashen lissafi na sakandaren da yawancin yaran unguwar nan ke zuwa ya rufe shekara, an kuma karanta ayyukansa a taron iyaye da malamai. Akwai darasin ƙari ga 'yan SS3 bayan an tashi, da kulob ɗin lissafi, da kacici-kacici tsakanin azuzuwa ranar 14 ga Maris, wato Ranar Lissafi ta Duniya. An horar da masu shiga gasar Cowbellpedia, an yi bitar tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Malamai kam sun sauke nauyi. Amma da aka zo rabon kyaututtuka, 'ya'yan maƙwabtanmu ne suka yi ta fitowa, namu sai an laluba. Kujerun iyayenmu kuwa iska ce ta zauna a kansu.

Mun san abin da za a ce a majalisa: wai bambanci ake nuna mana don mu baƙi ne. Haba jama'a! Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, kakannin wasunmu a nan aka binne su. Kuma lissafi bai san Bahaushe ko Bayarabe ba. Mai maka takardar WAEC bai taɓa ganin fuskar yaro ba, amsa yake dubawa. A je a buɗe rajistar darasin ƙari, a ga su wa ke zama, su wa ke sulalewa da zarar an kaɗa ƙararrawa.

Wasu su ce ai kan yaran ne ba ya ja. Wane yaron? Wanda zai juya maka Dala zuwa Naira da ka kafin ka ciro waya? Ko yarinyar da ke dawowa daga talla da ciniki cif, ba kwabo ya yi ciwon kai? Kai yana ja. Lokaci ne ba a ba su. Ƙarfe biyu na yi, wannan an tura shi tsaron shago, waccan an ɗora mata faranti. Wanda bai zauna ya yi ta bugawa da aljabara ba, ta ina zai san ta?

Sai masu cewa boko me zai ƙara wa ɗan canji. To, a tuna watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, kuma cikin dalilan har da rashin miƙa bayanan ciniki. Sana'ar yau ta takarda ce da kwamfuta. Idan ba mu da akantocinmu, haya za mu yi ta ɗauka, wani ya san sirrin aljihunmu. Akanta kuwa, da injiniya, da likita, da nas, babu wanda zai shiga karatunsu sai da kiredit a lissafi, wato C6 zuwa sama. D7 ba ta buɗe wannan ƙofar.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce darasin yana cin karo da Islamiyya. Wannan gaskiya ne, amma gyaran jadawali yake so, ba jefar da ɗaya ba. Malamanmu sun fi kowa sanin cewa rabon gado rabi ne, da rubu'i, da sumuni, da sulusi, da sudusi. Littafin aljabara na Alkhawarizmi ma cike yake da mas'alolin wasiyya da gado. Kuma Muhammad ibn Muhammad Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin hatimi, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Ashe abin namu ne tun asali.

Saboda haka ga abin da muke nema kafin a koma sabon zango. Fadar Sarkin Hausawa ta haɗa shugabannin Islamiyyu da malaman sashen lissafi su daidaita lokaci, ko da safiyar Asabar ce. Ƙungiyoyin 'yan canji da 'yan goro da na kara su ɗauki nauyin littattafai da kwamfas da kalkuleta na yaran da iyayensu ba su da hali, ai bai kai kuɗin ragon suna ba. Duk mai ɗa ko 'ya a SS3 ya sauke musu shago da talla har a gama jarrabawa. Iyaye mata, ku ne kuka san wanda ya buɗe littafi da dare, ku riƙa tambaya. Sannan ranar taron iyaye a rufe shago na awa biyu a je, a tambayi malami ina yaron yake tuntuɓe.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Jarrabawar WAEC a watan Mayu take zuwa, ba ta jiran kowa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.