Zomanyar da Ta Sha Wuyar Haihuwa: A Sake Kai Ta ga Namiji, Ko a Yanka?

'Yan'uwa masu kiwo, akwai wata tambaya da kowane mai zomaye zai gamu da ita ko ba daɗe ko ba jima. Zomanya ta ɗauki ciki, an yi wata guda ana jira, ranar haihuwa kuwa abu ya ɓaci. Ko dai 'ya'yan sun fito matattu, ko ɗaya ya maƙale, ko ta watsar da su a ƙasan keji, ko ma ta cinye su. To, me za a yi da ita?

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gidaje da yawa sun rasa shanu da tumaki a hannun ɓarayin daji, waɗansu kuma sun bar ƙauyukansu sun dawo gari, inda ba filin kiwo. Zomo shi ne dabbar da mace ko yaro zai iya tsarewa a bayan ɗaki, ba sai an fita daji ba. Wanda ke da uwaye biyu kaɗai, in ya rasa ɗaya, rabin jarinsa ke nan ya tafi.

Mutane sun rabu biyu. Waɗansu da ganin matattun 'ya'ya sai su ɗauko wuƙa, su ce ba ta da albarka. Waɗansu kuma sai su yi ta mayar da ita ga namiji, sau uku, sau huɗu, suna cewa wataƙila wannan karon. A ganina duka biyun gaggawa ce. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: laifin na jikinta ne, ko na kiwon da aka yi mata? In na kiwo ne, a gyara, a ba ta dama sau ɗaya. In na jikinta ne, kada a sake, ko sau ɗaya.

Bari mu fara da yadda haihuwar lafiya take, domin sai an san daidai ake gane karkatacce. Cikin zomo kwana 30 ne zuwa 32, galibi 31. Tun kwana na 28 ake sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Ita da kanta za ta tsige gashin cikinta ta yi shimfiɗa. Takan haihu da dare ko da asuba, kuma duka aikin ba ya cika wuce rabin awa. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana 10 su buɗe. Uwar ba ta kwanciya a kansu kamar kaza. Sau ɗaya a yini take shiga ta ba su nono, na 'yan mintoci, ta fito. Mutane da yawa sun yanke wa uwa tagari hukunci don ba su taɓa ganinta cikin akwati ba. Duba cikin 'ya'yan da safe. In ya cika ya yi tulu-tulu, tana aikinta.

Yanzu ga laifuffukan da ba nata ba. Na farko shi ne ƙuruciya. Zomanya irin ta matsakaicin jiki ba ta isa barbara ba sai ta kai wata 5 zuwa 6. In an bar maza da mata a keji ɗaya, za ta ɗauki ciki tun tana wata 4, ƙugunta bai gama buɗewa ba. Har wadda ta isa ma, haihuwar fari takan ruɗe ta: ta ƙi tsige gashi, ta haihu a wajen akwati, sanyi ya kashe 'ya'yan. Yawancin irin waɗannan a haihuwa ta biyu sai ka ga sun zama uwaye na kirki. Wanda ya yanka zomanya saboda haihuwar fari ya yi kamar wanda ya sare mangwaro don bai yi 'ya'ya da yawa a shekarar farko ba.

Sai ƙishirwa. Har yanzu akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wannan magana ta kashe zomaye fiye da muzuru. Uwar da ta haihu tana bukatar ruwa sosai, in ba ta samu ba takan juya kan 'ya'yanta. Haka kuma tsoro. Kyanwa a kan keji, ɓera ko gafiya da dare, yara suna ta buɗe akwati suna nuna wa abokansu, duk suna sa ta tattake 'ya'yan ko ta yashe su.

Zafi ma yana da nasa rabo. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa da numfashi yake rage zafin jikinsa, kuma da zarar zafi ya wuce awo 30 ya fara wahala. A nan wajenmu daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai 40. Kejin da ke ƙarƙashin kwano a bazara murhu ne. Mai ciki takan yi ɓari ko ta haifi matattu, namijin kuma ƙarfin irinsa yakan ragu na makonni. Zomanyar da ta lalata ciki a watan Afrilu ba a san halinta ba tukuna. A jira ruwa ya sauka, a gwada ta.

Abinci kuwa ta hanya biyu yake ɓata haihuwa. Wadda ake ba ciyawa zalla takan haifi raunana, nono kuma ya ƙi zuwa. Wadda ake ɗura wa dusa da hatsi don ƙauna takan yi kitse, kitsen ya matse hanya, wani lokaci ma ta daina cin abinci gab da haihuwa ta mutu. Harawar gyaɗa ko ta wake, ganyen dankali, ɗan zogale, dusa daidai gwargwado, da ɗan gishiri: wannan ya isa. Ka shafa bayanta. In ƙashin baya yana sukar hannu ta rame, in ba ka jinsa sam ta yi ƙiba.

Akwai kuma zaɓen namiji. Mutum ya sayo ƙaton namiji mai jinin Flemish Giant, ya haɗa shi da 'yar ƙaramar zomanya ta gida don ya sami manyan 'ya'ya. Ya kuwa samu, sai dai a ciki suka tsaya. Har wa yau, in 'ya'yan da ke ciki ɗaya ne ko biyu, sukan yi girma fiye da kima, cikin ya zarce kwanakinsa. A unguwar da duk zomayen suka fito daga uwa ɗaya uba ɗaya, ana ta haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru, 'ya'ya sukan ragu su yi rauni. Maganin wannan a yi musayar namiji da wani mai kiwo na nesa, na Anka ya karɓo daga Gummi, na Gummi daga Bukkuyum.

Wani abu guda ya shafi yankinmu musamman. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, sanadin niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a waɗannan ƙauyuka, amma duk gidan da ake sarrafa dutse a ciki haɗarin yana nan. Dalma tana sa dabba ɓari da haihuwar matattu. In zomayenka a ƙasa suke a irin wannan gida, kuma uwaye fiye da ɗaya suna zubar da ciki, maganar ta wuce ta zomo. Kada a ci naman, a kai yaran gidan asibiti a auna jininsu.

To, in an bincika aka ga ɗaya daga cikin waɗannan ne, lissafin mai sauƙi ne. A bar ta ta huta mako 2 zuwa 3, a kai ta kejin namiji (ita ake kaiwa, ba shi ake kawowa ba, don takan yi faɗa a ɗakinta), a jira kwana 31. Duka bai kai wata 2 ba. In kuwa ka yanka ta, sai ka sayi wata da kuɗi, ba ka san halinta ba, ko ka yi renon ƙarama wata 6. Dama ta biyu ta fi araha. Dabara ɗaya: a yi wa uwaye biyu barbara rana ɗaya. In mai matsalar ta sake yashe 'ya'yanta, sai a zuba su cikin akwatin ɗayar, gama zomanya tana karɓar 'ya'yan wata in kwanakinsu sun yi kusa. A lura dai, nonuwanta galibi 8 ne, kada a yi mata lodi.

Amma akwai inda ba na goyon bayan dama ta biyu ko kaɗan, kuma a nan ne masu tausayi suke yin hasara. Zomanyar da ta isa girma, ba ta yi ƙiba ba, namijin daidai da ita, amma ɗa ya maƙale har sai da aka ja shi da hannu: ƙugunta ne ƙarami, kuma ba abincin da zai faɗaɗa ƙashi. Wadda mahaifarta ta fito waje. Wadda ta wuce kwana 34 ba ta haihu ba, ko bayan haihuwa kana jin wani abu mai tauri ya rage a cikinta. Wadda mugunya ko ruwa mai wari yake fita daga bayanta. Wadda nononta ya kumbura ya yi baƙi, ya warke, ya sake dawowa. Waɗannan duka jiki ne ya yi magana. Sai kuma wadda aka gyara mata kome, ruwa, inuwa, akwati, shiru, amma ta cinye 'ya'yanta karo na biyu.

Masu kiwo na Turai da Amurka suna da al'adar ba uwa dama uku kafin su fitar da ita. Da yawansu suna da uwaye masu yawa, da likita a kusa. Mai uwaye biyu a Bukkuyum ba shi da wannan sararin. Asibitin koyarwa na dabbobi yana Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, masu binciken zomo kuma suna cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya. Ko da an kai ta, kuɗin mota da na fiɗa sun ninka kuɗin zomanyar. Abin da zai faru a zahiri shi ne, za ta shiga naƙuda da tsakar dare, ta yi ta yunƙuri ba mai gani, da safe a tarar da mushe. Ba 'ya'ya, ba uwa, ba nama, ga wahalar da dabbar ta sha a banza. Wanda ya ce tausayi ne ya hana shi yanka ta, ya dubi wannan daren.

Kada kuma a ruɗe ku da allurar naƙuda da ake saye a kemis. In ɗa ya tokare hanya, allurar tana iya fasa mahaifa. Wannan aikin malamin dabbobi ne. Haka nan kafso irin su Ampiclox da amoxicillin, waɗanda ake ba kaji da awaki, in an ɗura wa zomo ta baki sukan kashe shi da zawo.

In an yanke shawarar fitar da ita, ba a yanka ta tana cikin zazzaɓi ko tana fitar da mugunya. A bari ta warke, in an yi mata magani a cika kwanakin da malamin ya faɗa, ta murmure, sa'an nan a yanka ko a sayar.

Wajen sayarwar nan ne nake da magana da mu duka. Zomanyar da ta huta wata guda takan yi kyau, gashi yana sheƙi, ba mai gane abin da ya faru. Sai a kai ta kasuwa a ce uwa ce, a karɓi kuɗin uwa. Mai sayen kuwa sau da yawa wata gwauruwa ce da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli, ko ɗan makaranta da ke fara kiwo. Bayan wata guda matsalarka ta koma gidansu, su kuma su ce kiwon zomo ƙarya ne, su bari har abada. A sayar da ita a matsayin ta nama, a faɗi dalili. 'Ya'yanta mata ma, in akwai waɗanda suka rayu, kada a ajiye su don iri, gama ƙirar jiki da halin reno ana gadonsu. A zaɓi magajiya daga uwar da ta haihu sau uku ba matsala, ta kuma yaye shida ko fiye.

Duk wannan ba ya yiwuwa in ba a rubuta ba. Bayan wata 4 ba wanda zai tuna ko wace ce ta yi ɓari, fara ko mai tabo. Kwali ɗaya a jikin kowane keji ya isa: ranar barbara, wane namiji, ranar haihuwa, nawa masu rai, nawa matattu, nawa aka yaye. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗan makarantar gidan, ko ya ja layi da gawayi a bango.