Kirsimeti a Lokacin Tsadar Rayuwa: Ina Za Mu Samo Godiya?

Duk wanda ya shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari a Disamba ta 2024 ya san aljihu ya sha wuya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a 2024. Darajar Naira kuma ta faɗi. Kuɗin mota ya tashi, taki ya yi tsada, abinci ya bi su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Nuwamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.6 cikin ɗari, ta abinci kuwa kusan kashi 40. Mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000, amma a lokacin bai isa sayen babban buhun shinkafa ba.

A nan Kongo mun ga abin da idonmu. Ƙananan ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, masu fansho, masu ɗinki da iyayen ɗalibai, kowa na lissafi. Wasu sun fasa zuwa ƙauye. Wasu suna tunanin cin bashi domin anko da kaza, kada maƙwabta su ce sun gaza. Nan haɗarin yake, domin Janairu na tafe da kuɗin makaranta da na haya. Karin Magana 22:7 ta gargaɗe mu cewa bashi yana mai da mutum bawa. Bikin yini ɗaya bai cancanci bautar wata shida ba.

Bari mu duba Kirsimeti na farko. Dokar Kaisar Augustas ce ta tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiya Baitalami, ga ciki ya tsufa. Su ma hukuncin gwamnati ya taɓa su. Masauki ya gagara, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa (Luka 2:24), wato hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin sayen ɗan rago. Ke nan Mai Ceto ya zo ta gidan talaka, Allah kuwa ya karɓi baikonsu.

Godiya ba ta hana mu faɗin gaskiya. Annabi Amos ya tsawata wa masu tattake matalauta, mu ma muna da hakkin tambayar shugabanni inda kuɗin tallafin ya shiga, muna kuma yi musu addu'a. Amma Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa. Abin koyo ne, kuma a gida ake fara koyonsa.

To, me za mu yi? Miji da mata su zauna su ware kuɗin makaranta tukuna, abin da ya rage a yi biki da shi. A gaya wa yara gaskiya cikin ƙauna. Kayan bara in an wanke an goge sun isa shiga sujada. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yanka akuya ɗaya. Zumuntar mata da dattawan ikkilisiya su nemo gwauraye, marayu da ɗaliban da ba su sami kuɗin komawa gida ba. Kada kuma mu yar da al'adar aika wa maƙwabtanmu Musulmi abinci, yadda suke kawo mana a Sallah. Ko kwano ɗaya ne, zumunci a ƙafa yake.

Ranar Kirsimeti, kafin a buɗe tukunya, kowa a gidan ya ambaci abu ɗaya da Ubangiji ya yi masa a bana: rai, lafiya, girbi, ko dawowa lafiya daga tafiya. Ko tuwo da miyar kuka ne a gabanmu, Immanuwel yana tare da mu. Ubangiji ya ba mu zuciyar godiya. Amin.